Na Wanke Tafin Hannun Kakana

Anti Zaiton, don Allah ki taimake ni, ko da zagi ne, domin a gidanmu yanzu ko zagin ma ba na samu.

Kowa a ƙauyenmu ya san halina. Ni na sa kwaɗo a takalmin ladan, ni na ɗaure ɓawon duriyan, ɗan itacen nan mai wari, a ƙarƙashin kujerar babur ɗin Kawu Semail har ya yi ta wanka yana zargin kansa. Ban musa ba. Amma wannan karon wallahi alheri na nufa.

Gidan kakata, Tok Esah, na katako ne mai dogayen ƙafafu, damina ta sa bangonsa ya yi kore shar. Dab da Sallah ta tafi kasuwa, sai na aro injin feshin ruwa wurin abokina mai wankin mota. Da azumi a bakina na bi bangon nan katako bayan katako. A baya, can ƙarƙashin rufi inda ruwan sama ba ya kaiwa, na ga busasshen taɓo ya manne. Na matso da bakin injin, ya fita tas, har fatar katakon ta ɗaye.

Ashe shatin hannun kakana ne, marigayi Tok Deraman. Shekarar babbar ambaliya, yana tsaye cikin kwalekwale ya dafa wurin da hannu duk laka, ya ciro kakata ta taga. Bai ga wata daminar ba. Kullum bayan asuba sai ta buɗe tagar nan ta duba. Ni lokacin ambaliyar ina can tsangaya. Duk gidan sun sani, har yaran da aka yaye jiya. Ni kaɗai aka ɓoye wa, wai kada in mayar da shi abin dariya!

Kawu ya ce wannan ne mafi munin wasana. Na rantse, ya ce rantsuwata ai kamar tari ce. Safiyar Sallah muka jeru, kowa ya durƙusa ya sumbaci hannun kakata ya nemi gafara. Da aka zo kaina sai ta janye hannun ta cusa cikin zane. Matar da take ɓoye mini ƙanzon shinkafa.

Shekara da shekaru suna dariya, ashe ba mutum suka ɗauke ni ba, birin gida ne. An ce hannuna irin na kakana ne sak. In kwaɓa laka in manna mata wani? Ko in tattara in tafi can jihar Johor mai nisa, su huta?

Ɗan Tsokana, daga Pasir Mas

Amsar Anti Zaiton: Ɗana, ajiye lakar nan. Matar da ta yi shekaru tana kallon shatin ta san kowane layi nasa. Ka manna na ƙarya, ka tabbatar da maganar kawunka.

An zalunce ka, ban ɓoye maka ba. Wanda ya ɓoye wa mutum rami ba shi da bakin zaginsa in ya faɗa. Amma kai ma tsaya. Kai ka koya musu cewa duk abin da ya shiga kunnenka sai ya fito da wasa. Kuma ba a wanke gidan tsohuwa ba da saninta ba, balle a ɗora wa tsohon katako bakin inji kurkusa.

Kakarka ba hukunci take maka ba, makoki take yi karo na biyu. Johor kuwa gudu ne, kada ka je.

Bayan asuba ka same ta a bakin tagar, ka zauna ƙasa. Kada ka kare kanka, kada ka ba ta dariya. Ka ce ba ka sani ba, kuma kana so ka sani. Roƙe ta ta ba ka labarin ranar da kakanka ya ciro ta. Ko ta yi shiru, gobe ka koma. Bango ya riƙe mata labarin nan iyakar ƙarfinsa, yanzu sai mutum.

Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya fito maka da hannun nan daga cikin zane.