Amyoyina na Kan Gawo

Daren Laraba, Kamarawa, kakar 1958.

Yau ma na hau gawo na duba amyoyina. Babu ƙudan zuma ko ɗaya. Tun da aka fesa wa auduga maganin ƙwari tana cikin fure suka zube kamar ƙaiƙayi. Na yi wa Baturen gona bayani da Turancina na Midil, ya yaba Turancin, ya wuce.

Ƙanwata Hadiza ta ce, "Yaya, sauko kar ka karye! Za ni sawo maka zumar ƙasar Faransa, ta tsallaken iyaka, a kasuwar Isa."

Ba zumar ba ce. Ƙuginsu na hantsi nake kewa. Gobe za ni sake shafe amya da kashin shanu, in turara ta. Ko ƙudan zuman Faransan ne, su tsallako.