Shekaru Muna Aika wa Babana "Lafiya Lau"

Gwaggo Tani, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni ɗaliba ce a kolej a nan garin Tawa, kuma ko a aji ban iya ɗaga hannu ba, balle in yi magana gaban manya.

Babana tela ne. A rumfarsa ƴan jam'iyyar nan da aka haramta suke zama hira, shi ya sa shekarar da aka yi ta kame mutane ya gudu, har ya kai Kumasi. Hukumar can ta ba shi mafaka. Tun lokacin ba mu gan shi ba, sai dai saƙon baki ta wajen Alƙasum, wani mai kora shanu Gana. Duk zuwansa yakan zauna a zaure, Baba Arzika, wan babana, ya ce a gaya wa ɗan'uwansa gida lafiya lau. Kin san al'adarmu, ba a aika wa wanda ke nesa mugun labari, kada hankalinsa ya tashi a baƙon wuri. Ni ma da ina ƙarama na ɗauka kirki ne.

Amma Gwaggo, ba lafiya ba ce. Da jandarma suka rasa babana, ƙanensa Baba Illa suka ɗauka daga gona wajen Bambeye. Ya dawo, amma hannunsa na dama ba ya riƙe kalmen noma har yau. An ɗauke keken ɗinkin. Ko a damanar nan wasu mutane sun zo ƙofar gida suna tambayar Inna ko maigida ya aiko. Babana bai san ko ɗaya ba. Alƙasum ma bai sani ba, don in zai zo sai a ce Baba Illa ya tafi ƙauye.

To, tun da sojoji suka karɓi mulki a Gana, ana kiran ƴan gudun hijira ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu ko har yanzu akwai abin tsoro a ƙasarsu. Babana ba ya ƙarya. Ya ce shi dai duk saƙon gida lafiya ake ce masa. Sai suka ce ashe ba shi da sauran hujjar zama. Yanzu ya aiko wai a tambayi ƴarsa mai karatu, ita za ta faɗi gaskiya: in ƙasa ta yi sanyi zai biyo ayari ya dawo.

Baba Arzika ya ce in ce ta yi sanyi. Hujjarsa, Ma'azu mahauci, wanda shi ma ya gudu, ya dawo bara, ya yanki katin jam'iyyar gwamnati, yana nan yana sayar da nama ba wanda ya taɓa shi. Gaskiya ne. Amma wani maƙwabcinmu da ya dawo bayansa, a Ƙonni aka sauke shi daga mota, har yau matarsa ba ta san inda yake ba. Wannan kuwa ba a ambatarsa a gidanmu. Ga Kaka ta tsufa ƙwarai, kullum sai ta tambaya ko ɗanta ya taso. Na buɗe baki zan yi magana, Baba Arzika ya dube ni, sai kawai na ji na ce to. Raina ya ɓaci, da shi da kaina duka. Me amfanin karatun, in ban iya faɗin abin da idona ya gani ba?

Alƙasum zai tashi bayan kasuwar Lahadi ta sama. In na ce lafiya, wataƙila na tura babana hannun jandarma. In na ce kada ya zo, wataƙila Kaka ta rasu ba ta gan shi ba, a ce ni ce. Yaya zan yi?

Ƴarki da ta rasa mafita, Tawa.

Amsar Gwaggo Tani

Ƴata, na canza sunayen da kika rubuta, ke ma ki riƙa kula da abin da kike sa wa a takarda.

Kada ki ɗauki Baba Arzika mugu. Shi ya riƙe gidan nan a shekarun tsoro, ya ga ƙane ɗaya ya nakasa, yana son uwarsa ta ga ɗayan. Al'adar ɓoye mugun labari ma tausayi ne ya kawo ta. Tana da kyau ga wanda ya je fatauci, wanda labarin ba zai canza masa komai ba sai baƙin ciki. Babanki kuwa da labarin gida yake auna ransa, kuma rashin jin gaskiyar ya riga ya sa ya faɗa wa hukuma abin da ba haka yake ba.

Sai dai ke ma kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ba. Ba ke za ki yanke ya zo ko kada ya zo ba. Ƙasar ta sauya ga wasu, ba ta sauya ga wasu ba, kuma ni da ke ba mu san ɓangaren da yake ba. Naki shi ne ya ji duka: na Ma'azu, na maƙwabcinku, hannun ƙanensa, masu zuwa ƙofa, da tsufan Kaka. Shi babba ne, ya yi shawararsa.

Ba sai kin yi gardama a zaure ba. Ki fara da Innarki, ku sami Baba Illa tare. Shi aka yi wa abin, shi ke da bakin faɗa wa wansa cewa ya isa haka, kuma shi ya kamata ya zauna da Alƙasum. In Baba Arzika ya ƙi, Innarki tana da haƙƙin aika wa mijinta saƙo ba da izinin kowa ba. Da baki za a aika, ban da rubutu.

In saƙo ya isa, babanki ya koma wurin hukumar can ya gyara maganarsa, Alƙasum ya shaida abin da ya gani da idonsa. Ban yi miki alkawarin za su karɓa ba. In sun ƙi, ba dole sai Tawa ba. Sakkwato ba nisa, ana iya kai Kaka ta gan shi can.

Za a yi fushi da ke na ɗan lokaci, ki daure, ki ci gaba da gaishe da Baba Arzika kamar kullum. Amma ki je wurin Innarki yau, kada ki jira ranar kasuwa. Allah ya tsare babanki duk inda ya sa ƙafa, ya ba Kaka tsawon rai, ke kuma ya yi miki albarka.

Gwaggo Tani