Maɗaurin da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da amarya da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa aiki albarka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin tarin nan, babbar 'yata kuma ta gama jarrabawa. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka bari in kai aya, ni kuwa yau sai na kai.

Maganar maɗaurin nan ce da ka aiko aka ɗaura wa Baba a ƙafa bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Ban manta bayaninka ba. Ka ce a ciki akwai 'yar na'ura mai suna jairoskof, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ku kuka ƙera ta da wani sinadari wai shi silikon a wurin aikinku. Wai akwai wani abu a cikinta da ke karkarwa ba tsayawa, da zarar tafin ƙafa ya ɗaga ko ya sauka sai ya ji, ya ƙirga, lissafin ya je wayarka. Shekara huɗu kuna gwada ta a zafi da sanyi, kuna wana ta a kan tebur mai juyawa, har kuskurenta ya zama ba a bakin komai ba. Ranar har maƙwabta na nuna wa don alfahari.

To amma da na ce maka ƙafar Baba ƙara sandarewa take yi, me ka ce mini? Ka ce hankalina ne ya tashi, na'urar ta nuna yana ɗaga ƙafa sau dubu biyu da wani abu kullum. Har zane ka turo mini mai hawa da sauka. Ni da nake sa masa takalmi kowace safiya, nake ganin yatsunsa suna jan ƙasa, ni ka mayar mai ƙara gishiri. Abin da ya fi ƙona mini rai, ka kira likitar gashin ƙashi ka ce ta daina zuwa, wai ya wuce matakinta. Sati bakwai ba ta taka gidan nan ba.

Ranar Talata na kai wa Baba magani shagon telan ƙofar gida, inda yake zama da hantsi. Na tarar da shi a kan benci ya miƙe ƙafa, idon sawunsa ba komai. Tela kuwa yana ta taka kekensa, ga maɗaurinka a ƙafarsa, 'yar fitilar tana ƙyaftawa. Ashe duk motsin da kake yabawa na tela ne! Na'urarku ba ta yi ƙarya ba, kowane takun keke ta ƙirga shi daidai. Ba ta dai san ƙafar wa take kai ba, kai kuma da ka ƙera ta ba ka taɓa tambaya ba. Bawan Allah tela har ya soki yatsa don kunya, yana rantsuwa dattijo ne ya roƙe shi, shi kuwa ba ya iya yi masa musu.

Na shigo da Baba ina ta faɗa. Sai da na gaji ya ce motsin zafi yake masa, kwana uku ya gwada ya kasa. A kwana ukun nan ba abin da ya samu daga gare ka sai saƙon cewa lissafi ya yi ƙasa. Ranar da tela ya fara ɗaurawa kuwa, da kanka ka kira, kuka yi rabin awa kana dariya kana ce masa jarumi. Ya ce tun da ka tafi bai ji muryarka haka ba, shi ya sa ya kasa bari. Na zauna na yi kukana, ban san wanda zan yi fushi da shi ba. Yanzu na sani, da kai ne.

Jiya na je da ƙafata na ba likitar haƙuri. Ta zo ta duba shi ta ce jijiyar dunduniya ta fara ɗaurewa, da an ƙara wata guda a haka da sai sanda har ƙarshen rayuwa, amma in ya daure za a ceto ta. Maɗaurin ya koma ƙafar mai shi. Yau sau tara ya ɗaga, yana gumi, yana matse hannuna. Tara za ka gani a wayarka. Ka kira shi a kan taran nan, Auta, kuma kada in ji ka ce ta yi kaɗan.

Ka gaishe mini da amarya, da Takwaran Baba, da 'yar baiwar Allah Mai Kuka, Allah ya raya su. Inna da Kawu da maigidana duk suna gaishe ku. Baba bai ba ni saƙon gaisuwa ba, kunyarka yake ji. Tun safe dai ya sa na yi masa cajin waya, tana nan a aljihunsa na gaba.

Wassalam.

Yayarka.