Kwalbar Ƙwarin Wake

Laraba da dare, Urafane

Wata takwas ke nan ina kiwon ƙwarin wake a kwalabe saboda memwar ɗina, wato binciken kammala jami'a. Duk zubi nakan ware matan da suka fi yin ƙwai, in bar 'ya'yansu su hayayyafa. Yau da safe na tarar wakensu ya yi fari fat da ƙwai, amma uwayen duk sun mutu. Na ɗayar kwalbar, da ban taɓa zaɓa ba, suna ta yawo abinsu, alhali rana ɗaya suka fito.

Na zaci aikina ya lalace. Inna ta same ni zaune jugum, na yi mata bayani. Ta ɗaga kwalbar, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ba kuskure kika yi ba, ɗiyata. Duk ƙarfinsu sun zuba cikin ƙwai. Da mi za su rayu?"

Ikon Allah! Ƙwai kawai na nema, ashe har kwanakinsu nake taɓawa. Mu tara Inna ta haifa. Da ta miƙo mini kwalbar, sai yau na lura da yadda hannunta ya tsufa.