Wanda Aka Bari a Duniyar Ƙanƙara

Multan, 9 ga Maris

Aminina Pervez,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Nasreen da jikoki. Yaya gwiwar taka da sanyin Bradford? Ni dai alhamdu lillahi. Tun rasuwar matata Shagufta gidan ya yi mini girma. Ɗana yana kira daga Dubai ran Juma'a, minti biyar ya ce aiki.

Zauna da kyau kafin ka karanta wannan. Ka tuna Tashar Ƙarshe, shirin 'yan sama-jannatin nan da muke kallo a gidan kawunka duk Alhamis, muna haɗa littafi ɗaya, kai kana rubuta maganar Kyaftin Rubab, ni ina rubuta ta Sifar, mutum-mutumin ƙarfe? Shekaranjiya ina layi a kantin magani, wani tsoho a gabana yana musu da mai kanti kan ƙwayoyinsa, sai na ji ya ce, "Lissafi bai yarda ba." Wallahi maganar Sifar ce sak, da muryarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ne Sifar ba?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Shekara arba'in ina yawo a garin nan, sai yau aka kama ni."

Sunansa Ilyas Dogar, amma Ilyas Sahib nake ce masa don girmamawa. Shi ne a cikin rigar ƙarfen, ba a taɓa nuna fuskarsa ba. Ya ce kamfanin ya rushe tuntuni, ko faifai ɗaya bai tsira ba. Ka ga ke nan littattafanmu ne kaɗai suka rage. Kashi na ɗaya zuwa na sha biyu suna wurina, sauran kai ka tafi da su. Don Allah ka turo mini.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Mushtak

Multan, 20 ga Mayu

Pervez,

Sallama da fatan alheri. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗi da aikin gwiwa ya yi kyau. Allah ya ƙara sauƙi. Nan zafi ya sauko, mangwaro ya fara shiga kasuwa.

Ka ce littattafan sun ɓata a wajen ƙaura, ka kuma tambaya ko ba ni da abin yi ne, ina shekara sittin da uku ina bin wasan yara. Gaskiya ka faɗa, ba ni da shi. Amma maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Duk Alhamis da la'asar nakan je wurin Ilyas Sahib da pakora, ƙosanmu na nan, a takarda. 'Yarsa Farzana ta haɗa mana shayi, ni in karanta maganar Kyaftin, shi ya amsa da ta Sifar, ba tare da ya leƙa littafi ba. Mutumin da wani lokaci yake kiran 'yarsa da sunan matarsa marigayiya! In na yi tuntuɓe sai ya ce, "Kai, ma'aikacin gidan waya, da wannan muryar ko keke ba za a ba ka ka tuƙa ba, balle jirgi."

Makon jiya muka kai kashi na sha biyu, inda jirgi ya tashi ya bar Sifar shi kaɗai a duniyar ƙanƙara yana riƙe da ƙofa. Na rufe littafi. Ya ce, "Sai me ya faru?" Na ce masa a nan littafina ya ƙare. Ka san a makon da aka nuna kashin nan ne aka tura ni aiki ƙauyen da ba lantarki, ban ga sauran ba. Duk sanda na nemi littafinka sai ka ce ba ka gyara rubutun ba, har ka hau jirgin Ingila.

Ba sai ka nemo komai ba. Layi ɗaya kawai nake so: sun koma sun ɗauko shi?

Ina gaida Nasreen.

Mushtak

Multan, 14 ga Yuli

Ɗan'uwana Pervez,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka, don shiru na ji.

Ilyas Sahib ya tafi. Ba rasuwa ba, kada ka firgita. An yi wa mijin Farzana canjin aiki zuwa Karachi, suka tafi da shi ran Asabar.

Da na ga ba amsa, sai na zauna na rubuta kashi na sha uku da hannuna. Na sa Kyaftin Rubab ta juya jirgi, ta sauka da kanta, ta tone Sifar daga cikin ƙanƙara. Ran Alhamis ta ƙarshe na karanta masa, na ce daga Ingila aka aiko. Ya saurara ido rufe har na gama. Sannan ya ce, "Ƙarya kake, Mushtak. Ba su dawo ba. Ranar nan aka sallame ni, aka ce rigar ta cika zafi, ina yawan suma. Ba a sake ambaton Sifar ba." Hankalinsa garau, kamar ba shi ba. Kunya ta kama ni, na fara ba shi haƙuri. Ya riƙe hannuna ya ce, "Wa ya ce ka tsaya? Koma daga inda ta juya jirgi." Sau uku na karanta, Farzana tana tsaye bakin ƙofa tana share ido da gyale.

A hanyar gida ne na gane abin da ya sa rubutunka bai taɓa gyaruwa ba. Ka san yadda nake son Sifar, ka ƙi gaya mini. Wata biyu ina fushi da kai a banza. Ka yafe mini.

Na ba Farzana littattafan duka, har da nawa na ƙarya. Ta yi alkawarin za ta riƙa karanta masa.

Jiya Alhamis na sayi pakora, har na kai kwanar layinsu kafin na tuna. A bakin titi na tsaya na cinye.

Ka rubuto, Pervez. Ko labarin gwiwa ne, zan karanta.

Naka har kullum,
Mushtak Ansari