Takalmin Biki a Dutsen Shere

Litinin, 18 ga Satumba, 2023

'Yata Ummusalma ta sake turo hotuna daga Biyetnam. Hutun makarantar da take koyarwa ta samu, ta tafi wani lardi can ƙurya, wai shi Ha Giang. Duwatsu ne tsaye cirko-cirko, gajimare a ƙasansu, ba a samansu ba. Shinkafa an shuka ta hawa-hawa a jikin tsauni, ta nuna jajir. Na ajiye almakashi na daɗe ina kallo. Tsarki ya tabbata ga Allah. Amma amsar da na tura mata: "Kin ci abinci?"

Alhamis, 21 ga Satumba

Ta faɗi abin da nake gudu. Kwantiraginta zai ƙare ƙarshen Oktoba, suna so ta ƙara shekara. Ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta ji "na yarda" daga bakina. Ita kenan gare ni. Na ce zan yi tunani, alhali na gama tunanina: gida za ta dawo.

Lahadi, 24 ga Satumba

Yau hoton kogi ne, kore shar, can ƙasan wani kwazazzabo, jirgin ruwa a cikinsa kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce da ta leƙa ta kasa ɗauke ido. Haushi ya kama ni. Yarinyar Jos ce za a burge da dutse?

Talata, 26 ga Satumba

Na yi wa Iyabode, maƙwabciyar shagona, ƙorafi. Ta yi dariya ta tambaye ni wane dutsen na taɓa hawa. Babu. A gindinsu aka haife ni, a gindinsu na yi furfura, a wurina dutse wurin shanya ne da awaki. Mun shirya ranar Asabar za mu Dutsen Shere. Zan ɗauki hotuna in tura mata, ta ga abin da ta bari.

Asabar, 30 ga Satumba

Tunda fita ce, kuma hoto za a ɗauka, na ci ado: leshi, gwaggwaro, takalmi mai tsini. Iyabode ta dube ni sama da ƙasa. "Maman Ummu, biki ne? Wannan takalmi ba zai hau dutse ba o."

Gaskiyarta. Ba mu yi nisa ba na cire shi na riƙe a hannu. Ƙafa ba takalmi, dutsen da sanyi, ciyawa jiƙe da raɓa. Ina haki ina mita, gwaggwaro ya karkace, na ce wallahi daga dutsen can zan juya. Na faɗi haka ya fi a ƙirga.

Sai muka kai. Ban san me zan rubuta ba. Jos gaba ɗayanta ga ta can, shimfiɗe, shiru. Kududdufan kuza na wajen Naraguta, waɗanda nake tsoro tun ina yarinya, suna ƙyalli kamar faranti. Dutse kan dutse, wani a ɗofane, ba abin da ya riƙe shi sai ikon Allah. Hazo ya taso ta ƙasanmu ya rufe garin, ya sake buɗewa. Iska kawai ake ji. Na zauna da takalmina a cinya, hawaye na zuba, ban ma san na mene ne ba.

Sai a mota na tuna ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

Lahadi, 1 ga Oktoba

Ƙafafu sun kumbura. Ashe abin da yarinyar nan take gani kenan, ni kuma ina tambayarta abinci.

Laraba, 4 ga Oktoba

Wani yadi mai kauri da na daɗe da ajiyewa na yanka yau, awon Ummusalma yana kaina. Doguwar riga, da shafi a ciki. Ba wani abu ba ne, yadin ne kada ya lalace.

Ta kira da la'asar. Ban ce na yarda ba, Allah ne shaidata. Cewa kawai na yi ta turo adireshi, ina da saƙo, na ji an ce sanyin duwatsun can ya fi na Jos.

Ta ce, "Mama, sanyin fa sai Disamba."

Na ce na sani.