Rantsuwar Gwadabe

Kusa da Doguwa, 4 ga Maris, 1955

Zuwa ga Baba Ɗanjuma, mai bishara a Ɗansoshiya,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata kana lafiya, kai da Inna Tani da 'yan'uwa masu bi.

Baba, na iso inda ka aiko ni. Wani manomi, Gwadabe, ya sauke ni a zaurensa, matarsa Hauwa kuma ba ta taɓa barina da yunwa ba. Da suka gan ni da allo da alli sai suka ɗauka malamin yaƙi da jahilci ne, ni kuwa na bar su a haka. Na ce musu ni ɗan Maguzawan Kiru ne, don haka ba mai tambayata salla. Yanzu magidanta tara ke zuwa bayan la'asar. Na naɗe Bisharar Luka da takardar siminti, daga ciki nake koya musu baƙaƙe. Jiya mun karanta labarin ɗan da ya bar gida, har Gwadabe ya ce kamar ƙanensa. Ka ga wanda ya fi ni dabara? In sun saba, zan faɗa musu ko ni wane ne.

Ɗanka, Ɗanasabe

Ɗansoshiya, 20 ga Maris

Ɗana Ɗanasabe,

Na amsa gaisuwarka, kowa lafiya. Innarka ta ce ka rage shan fura, kada ka dawo da tumbi.

Dabararka ba ta burge ni ba. Ni na yi shekara huɗu a nan kafin mutum biyu su zauna su saurare ni, amma sun san abin da suka zauna ji. Mutumin nan ya ba ka zaurensa, kana cin tuwonsa, bai san wa ya sauka ba. Wannan cin amana ne, ko da Luka aka yi shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro. Ka cire takardar simintin nan, ka faɗa masa yau. In ya kore ka, ka gode masa ka dawo.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Ɗanjuma

Tudun Wada, 2 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa, ko da yake ban cancanci ka amsa ba.

Ban bi maganarka ba. Kullum sai in ce gobe. Ranar Juma'ar da ta wuce wani falke daga Kiru ya gan ni, ya gaya wa mai gari cewa ni ɗan mishan ne. Aka kira mu ƙofar gidan mai gari, gari ya taru. Kafin in buɗe baki Gwadabe ya miƙe, ya ce, “Ranka ya daɗe, wata biyu mutumin nan yana zaurena. Wallahi tallahi ba ɗan mishan ba ne. In na yi ƙarya kada a ƙara karɓar shaidata a garin nan.”

Baba, ina tsaye a gefensa, na ji shi yana rantsuwa da Ubangijinsa saboda ni, na sunkuyar da kai ban ce uffan ba. Aka kori falken da ihu. Da yamma Hauwa ta yanka mini kaza wai don in huce. Na ci, Baba. Wannan ne ya fi kashe ni.

Ranar kasuwa na ce zan zo Tudun Wada sayen alli, ban koma ba. Na bar littafin da tabarmata, ban yi wa kowa sallama ba. Kunya ta hana ni komawa can, ta hana ni zuwa wurinka. Ina jin ni ban dace da aikin nan ba.

Ɗanasabe

Ɗansoshiya, 19 ga Mayu

Ɗanasabe,

Lafiya muke. Ba zan ƙara maka faɗa ba, wanda ka yi wa kanka ya isa. Wani mai jaki ya kawo wannan takarda da na haɗo maka, ya ce a nemo ka a ba ka. Na karanta, ka gafarce ni. Rubutun kamar kaza ta yi tono, amma kai ka koyar.

Ɗanjuma

Zuwa ga Malam Ɗanasabe,

Salamu alaikum. Ni ne Gwadabe. Da hannuna na rubuta.

Da ba ka dawo ba na cire takardar siminti. Na karanta bangon da kaina. Shi ne abu na farko da na karanta ba mai taya ni. Na je gaban mai gari na ce falken nan ya yi gaskiya. An yi mini dariya. Yanzu ko rabon gona ba a kirana shaida.

Ni Musulmi ne, a haka zan mutu in Allah ya yarda. Da ka faɗa mini tun ranar farko, da na ba ka zauren duk da haka, baƙo baƙo ne.

Littafinka yana nan, Hauwa ta ajiye a cikin kwalla saboda gara. Ba zan aiko da shi ba. Ka zo da rana, ta ƙofar gari, ka faɗa mini da bakinka abin da ya kawo ka. Zan shimfiɗa tabarma in ji.

Wassalam.
Gwadabe